Bay FC da Kakarta ta Farko: Gidan da Aka Gina a Kan Kufai Biyu

 

Yau zan ɗan kauce wa hanyar da muka saba bi ta tarihin fatake da sarakunan zango, in kai ku wata ƙasa mai nisa, kuma ga dalili. Kwanakin baya wata magana ta zo gaban dattijon da nake yi wa magatakarda. Wani mahaifi ne da ƙanensa suka saɓa a kan 'yarsa mai shekara 14, wadda ke buga ƙwallo a makaranta, har malamin wasanninta ya ce tana da baiwa. Uban ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwallo ko ga namiji caca ce, balle ga 'ya mace." Ƙanen kuwa ya kawo sunan wata 'yar Najeriya, Musulma, da ya ce da ƙwallo take riƙe da danginta. Da suka gama, dattijo ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ka bincika mana. Wannan abu sana'a ce, ko ba sana'a ba ce?" Binciken da na yi shi ya kai ni ga tarihin wata ƙungiyar mata ta ƙasar Amurka mai suna Bay FC, wadda ta buga kakarta ta farko a babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, wato NWSL, a shekarar 2024, da 'yan Afirka uku a cikin 'yan wasanta, ɗaya daga cikinsu 'yar Gana.

Sai mun koma baya kafin mu fahimci nauyin wannan kaka. A shekarar 1972 majalisar Amurka ta zartar da dokar da ta haramta bambanta mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Wannan ya tilasta wa jami'o'i su buɗe wa 'yan mata ƙofar wasanni da tallafin karatu kamar yadda suke yi wa samari. 'Yan matan da suka tashi a inuwar dokar su ne suka ci Kofin Duniya na mata na farko a ƙasar Sin a 1991, suka sake ci a gidansu a 1999. Wasan ƙarshe na 1999 an yi shi ne da Sin a gaban mutum 90,185, aka tashi babu ci, aka je bugun fenariti, kuma wadda ta buga na ƙarshe ta ba Amurka kofin ita ce Brandi Chastain, haifaffiyar birnin San Jose na jihar Kalifoniya. Ku riƙe wannan suna. Masu shekaru irin nawa za su tuna cewa a wannan gasa ce Black Queens ɗinmu suka fara zuwa Kofin Duniya, kuma a cikinta ne Najeriya ta farke ƙwallo uku da Barazil ta zura mata, kafin wata 'yar wasa mai suna Sissi ta raba gardama a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3.

Da zafin wannan nasara aka kafa gasar ƙwararru ta farko, WUSA, a 2001, da ƙungiyoyi 8. Yankin gaɓar San Francisco ya sami tasa ƙungiyar, Bay Area CyberRays, wadda Chastain da Sissi suka buga wa, kuma ita ce ta ɗauki kofin shekarar farko. Amma an yi kashe-kashen kuɗi fiye da abin da ke shigowa, har asarar ta kai kimanin dala miliyan 100 cikin shekara uku. A watan Satumba na 2003, saura kwanaki kaɗan a fara wani Kofin Duniya a ƙasar, aka rufe gasar baki ɗaya. Wannan shi ne kufai na farko.

Gasa ta biyu, WPS, ta zo a 2009. Yankin ya sake samun ƙungiya mai suna FC Gold Pride, ƙarƙashin wani mai horarwa haifaffen Kyuba, Albertin Montoya. Shekarar farko ita ce ta ƙarshe a teburi. Shekara ta biyu ta tara gwanaye irin su Marta ta Barazil da Christine Sinclair ta Kanada, ta lallasa Philadelphia da ci 4 da nema a wasan ƙarshe a watan Satumba na 2010, ta zama zakara. Ba a cika wata biyu ba masu ita suka ce ba za su iya ci gaba da ɗaukar asara ba, suka rushe ta. 'Yan wasan da suka ɗaga kofi suka watse neman wurin zama. Ita ma gasar ta bi bayanta a 2012. Da na karanta wannan sai na ce a raina, lallai mahaifin yarinyar nan bai yi ƙarya ba. Sau biyu aka ci kofi a wannan yanki, sau biyu kofin bai hana gidan rushewa ba.

Gasar NWSL da aka fara a 2013 ta ɗauki darasi, ta shigo da taka-tsantsan har ya kai ga ƙwauro. Mafi ƙarancin albashi a shekarar farko dala 6,000 ne a kaka, abin da ba ya riƙe mutum a Amurka, don haka da yawa daga cikin 'yan wasan suna haɗawa da wani aiki, wasu kuma suna zaune a gidajen mutanen da suka ɗauke su riƙo. Akwai kuma abin da ya fi talauci muni, kuma ba zan ɓoye shi ba domin iyaye ne ke karatu. A 2021 'yan wasa suka fito suka tona yadda wasu masu horarwa ke cin zarafinsu, da baki da kuma ta hanyar lalata, yayin da shugabanni suka kawar da kai. Binciken da tsohuwar jami'ar shari'a Sally Yates ta gudanar, wanda ya fito a Oktoban 2022, ya tabbatar da cewa ɓarnar ta yi yawa, kuma daga baya aka haramta wa wasu masu horarwa aiki a gasar har abada. A 2022 ɗin ne 'yan wasan suka sami yarjejeniyar aiki ta farko a rubuce, wadda ta kai mafi ƙarancin albashi dala 35,000, da masauki da inshorar lafiya.

A cikin wannan hali ne wasu mata huɗu, dukkansu tsofaffin 'yan wasan ƙasa kuma tsofaffin ɗaliban Jami'ar Santa Clara da ke yankin, suka tashi neman a dawo musu da ƙungiya: Brandi Chastain, Aly Wagner, Danielle Slaton da Leslie Osborne. Sun san ciwon da idonsu, domin Chastain ta buga wa duk ƙungiyoyin biyu da suka mutu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya, don haka a wannan karo ba su fara da neman 'yan wasa ba, suka fara da neman mai aljihu mai zurfi. Suka samu wani kamfanin zuba jari mai suna Sixth Street, wanda ya yi alkawarin dala miliyan 125, a ciki har da miliyan 53 kuɗin shiga gasar kawai. A watan Afrilu na 2023 aka sanar da ba su gurbi. Mai horarwar da suka ɗauko kuwa shi ne Montoya ɗin nan da aka rushe wa ƙungiya tana riƙe da kofi shekara 13 da suka wuce. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Wani abu da zai ba mai kallon ƙwallon Turai mamaki shi ne, a wannan gasa ba a hawa, ba a faɗuwa. Ƙungiya ba ta fitowa daga ƙaramin rukuni da guminta kamar yadda muka sani. Gurbi ake saya, sannan a tattaro 'yan wasa daga nan da can cikin 'yan watanni, mutanen da ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, a ce su fuskanci ƙungiyoyin da suka shekara goma tare. Shi ya sa sababbin ƙungiyoyi galibi a gindin teburi suke ƙarewa.

Yanzu ga 'yan Afirkan. Ta farko ita ce wadda ƙanen mahaifin ya ambata, Asisat Oshoala, 'yar Ikorodu ta jihar Legas. Ita da bakinta ta sha faɗi cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba da farko, kuma ta bar makaranta saboda ita. Ta fito duniya ne a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Kanada a 2014, inda ta fi kowa cin ƙwallo kuma aka zaɓe ta gwarzuwar gasar. Daga Rivers Angels ta tafi Liverpool, ta koma Arsenal, ta je ƙasar Sin, sannan Barcelona, inda ta ci kofin zakarun Turai sau biyu, a 2021 da 2023. Sau shida ana naɗa ta gwarzuwar Afirka, abin da babu wata mace da ta yi. Barin Barcelona a lokacin da take kan ganiyarta, a tafi ƙungiyar da ba ta taɓa buga ko wasa ɗaya ba, ba ƙaramar kasada ba ce.

Ta biyu ita ce Racheal Kundananji ta Zambiya, wadda ta bi doguwar hanya daga Ndola zuwa Kazakistan zuwa Sifaniya, inda ta zura ƙwallo 25 wa Madrid CFF a kaka ɗaya. A watan Fabrairu na 2024 Bay FC ta saye ta a kan Yuro 735,000, wato kusan dala 790,000. A lokacin ba a taɓa sayen 'yar ƙwallo mace a wannan farashi ba a duk duniya, kuma ita ce mutum ta farko daga Afirka, namiji ko mace, da ta riƙe wannan matsayi. Idan aka gwada da abin da ake sayen maza, kuɗin ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari biyu na abin da aka biya a kan Neymar a 2017 ba, amma ga ƙwallon mata babban al'amari ne.

Ta uku ita ce tamu, Princess Marfo, wadda ta zo tana da shekara 20. Ta fito ne daga makarantar Right to Dream da ke yankin Gabashin Gana, ta wuce ƙungiyar Nordsjælland ta Denmak. Mutanen Nima sun san wannan hanya sarai, domin ita ce Mohammed Kudus ya bi. Ba ta kasance cikin masu fara wasa kullum ba a wannan shekara, amma kasancewarta a wurin ya nuna cewa hanyar da aka share wa samarinmu ta fara ɗaukar 'yan mata.

An buga wasan farko ranar 17 ga Maris, 2024, cikin watan azumi, a gidan Angel City da ke Los Angeles. Masu gida suka yi ta kai hari, mai tsaron ragar Bay, Lysianne Proulx 'yar Kanada, tana tarewa. Dama ɗaya ta samu a farkon wasa, Tess Boade ta miƙa wa Oshoala, ta saka ta a raga. Haka aka tashi, 1 da nema. Saboda haka duk ranar da aka buɗe littafin tarihin wannan ƙungiya, sunan 'yar Ikorodu ne a layin farko. Ƙarshen watan suka buga wasansu na farko a gida, a filin PayPal Park na San Jose mai ɗaukar mutum 18,000, wanda suke haya tare da ƙungiyar maza ta garin. Fili ya cika, Kundananji ta ci ƙwallo a ranar da ta fara saka rigar, amma Houston ta yi nasara da ci 3 da 2.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan Laraba ba ta yi kyau ba. A wasanni tara na farko sun ci biyu, an doke su bakwai, biyar daga ciki a jere, har da kashin da suka sha a Kansas City, 5 da 2. Ciwon ba a gaba yake ba, domin suna zura ƙwallo. Montoya yana son wasan riƙe ƙwallo da miƙa ta a ƙasa tun daga mai tsaron gida, irin wanda ke buƙatar mutanen da suka san numfashin juna, su kuwa baƙin juna ne. Da an ƙwace ƙwallo a tsakiya sai baya ta buɗe, kuma sau da yawa a mintunan ƙarshe ake karya su. Ga shi Alex Loera, 'yar wasa ta farko da ƙungiyar ta ɗauka kuma ginshiƙin tsakiyarta, ta ji ciwo a gwiwa tun a watan Afrilu, ta rasa sauran kakar baki ɗaya. Wannan ciwo na tsinkewar jijiyar gwiwa ya fi yawa a tsakanin mata 'yan ƙwallo, kuma yakan ci kusan shekara kafin a warke. Na rubuta shi a cikin abin da zan kai wa dattijo. A tsakiyar shekara kuma Lucy Rushton, babbar manajar da ta tattaro tawagar, ta bar aikin.

Abin da ya burge ni a nan shi ne, mai horarwar bai kafe a kan ra'ayinsa ba. Ya rage kwalliya, ya ƙara tsaron baya, ya yarda a jefa wa Kundananji ƙwallo a sarari ta yi amfani da gudunta da ƙarfinta. Ranar 8 ga Yuni suka je Chicago, inda masu gida suka shirya wasan a Wrigley Field, tsohon filin wani wasan sanda na Amurkawa, domin su kafa tarihin yawan 'yan kallo. Sun kafa kuwa, mutum 35,038, adadin da gasar ba ta taɓa gani ba, sai dai baƙi ne suka tafi da maki uku da ci 2 da 1. Bayan hutun gasar Olamfik, a watan Agusta, suka ɗauko gogaggiyar 'yar baya Abby Dahlkemper daga San Diego, wadda ta ci Kofin Duniya a 2019 kuma a yankin ta girma. Zuwanta ya daidaita baya.

Ƙungiyoyi 14 ne a gasar a 2024, kowace ta buga wasa 26, takwas na sama su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Bay FC ta kai wasan ƙarshe ba ta da tabbas. Ranar 2 ga Nuwamba a Houston, ƙungiyar da ta ɓata musu bikin buɗe gida, Kundananji, wadda aka yi ta yi wa gorin kuɗin da aka kashe a kanta, ta zura biyu, aka tashi 3 da 2. Suka ƙare a matsayi na bakwai da maki 34: nasara 11, canjaras ɗaya tak, rashin nasara 14. Babu sabuwar ƙungiyar da ta taɓa cin wasa 11 a shekararta ta farko, kuma kafin su San Diego Wave kaɗai ta taɓa tsallakawa zagaye na gaba a kakar farko, a 2022. Oshoala ce ta fi ci musu ƙwallo, guda 7. Adadi ne kaɗan ga mai irin sunanta, kuma ni a ganina shekaru da raunukan baya sun fara nuna kansu a ƙafarta, amma ƙwallayen nata sukan zo a ranar da ake buƙata.

Ranar 10 ga Nuwamba suka je birnin Washinton suka kara da Washington Spirit, wadda ta ƙare ta biyu. Aka yi ta gumurzu babu ci har minti na 82, sai Oshoala ta jefa ƙwallo a raga, fili ya yi tsit. Minti huɗu kacal suka yi suna gaba, wata 'yar bayan Spirit mai suna Tara McKeown ta taso ta farke. A ƙarin lokaci Caprice Dydasco, wadda ta yi shekaru tana buga wa Spirit a da, ta zo kare ƙwallo ta ci gida. A nan kaka ta ƙare, 2 da 1.

Shekarar dai ta 'yan Afirka ce a wannan gasa. Temwa Chawinga ta Malawi ta ci wa Kansas City ƙwallo 20, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, aka zaɓe ta gwarzuwar shekara. Barbra Banda ta Zambiya ita ta ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Orlando Pride kofi a wasan ƙarshe. Ko matsayin Kundananji na wadda aka fi saya da tsada, wadda ta karɓe shi a Janairun 2025 ita ce Naomi Girma, da Chelsea ta saya a kan fiye da dala miliyan ɗaya, haifaffiyar San Jose wadda iyayenta 'yan Habasha ne. A watan Agustan 2024 kuma 'yan wasan suka sami sabuwar yarjejeniya da ta hana a sayar da mace ga wata ƙungiya ba da yardarta ba.

Abin da na kai wa dattijo ke nan a takarda. Na ce masa sana'a ce, tana da albashi a rubuce da kwantiragi da masauki, amma ta zama haka ne kwanan nan, kuma ga mutane ƙalilan. Duk gasar Amurka ba ta ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwa daga duniya baki ɗaya, a nan gida kuwa mafi yawan masu buga gasarmu ta mata ba da ita suke ci ba. Na kuma nuna masa cewa matan huɗu da suka kafa ƙungiyar ta jami'a suka bi, kuma makarantar da ta fitar da Marfo da Kudus karatu take haɗawa da ƙwallo. Maganar sutura da uban ya tayar, na gaya masa cewa tun 2014 dokar ƙwallo ta amince da rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga Kofin Duniya na 2023 da hijabinta. Dattijo ya saurara, ya yanke cewa yarinya ta ci gaba da wasa a ƙungiyar makarantarsu, da sanin mahaifiyarta game da duk inda za a je da wanda zai raka su, kada ta rasa islamiyya, a sake zama bayan ta rubuta jarrabawar ƙaramar sakandare. Uban ya karɓa, ko da yake fuskarsa ba ta sake ba.

Ita kuwa Bay FC, kakarta ta biyu ba ta yi daɗin ta farko ba. Ta tara mutum 40,091 a wani wasa a San Francisco a watan Agustan 2025, ta karya tarihin Chicago, amma ta ƙare kusa da gindin teburi, Montoya ya sauka, Oshoala kuma ta koma Al Hilal ta Saudiyya. Gold Pride kaka biyu ta yi a duniya, CyberRays uku. Idan Bay FC ta buga kakar 2027, za ta zama ƙungiyar ƙwararru ta mata ta farko a wannan yanki da ta ga shekara ta huɗu.